Gidan da Inna Ta Ƙi Shiga

Shekarun baya, tun kafin a san wani abu wai shi korona, na gina gida a ƙauyenmu can Jigawa. Ni direba ne a Doha, bas nake ja wa wani kamfani, in kwashi ma'aikata da safe in kai su wurin aiki, in dawo da su da yamma. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a unguwar Muntaza, gado kan gado, kowa da ƙusarsa ta rataye kaya. To mutumin da ke kwana a irin wannan wuri, in Allah ya ba shi ikon aza bulo kan bulo a garinsu, ai maƙwabtansa sun shiga uku. Na ishi mutanen ɗakinmu da zancen gidan nan, har ta kai in na ɗauko waya na ce ku zo ku gani, sai kowa ya tuna yana da wanki.

Gidan ba wani babba ba ne. Ɗaki uku da falo, rufin kwano, tayil a ƙasa, banɗaki a ciki, da sola mai ɗaukar fanka da fitila. Abin da na fi ji da shi shi ne filin da ke baya. Na sa an katange shi, an haƙa rijiya, an yi masa 'yar ƙofa ta kansa ta wajen gonaki, da niyyar in an kwana biyu ya zama lambu. Ga shi kuma wurin ya yi dace. Kwalta ta bi ta bakin gari, asibitin sha-ka-tafi da firamare duk tafiyar ƙafa ce, kasuwarmu tana ci ranar Laraba. In ka miƙe gabas kaɗan ga dam, inda masunta ke sayar da kifi yana motsi. Ta yamma kuma ga duwatsun nan masu zanen mutanen da, waɗanda ake ciko mota da 'yan makaranta daga birni su zo kallo. Mu da muka tashi muna kiwon awaki a gindinsu ba mu taɓa ganin abin kallo a jikinsu ba, amma a Muntaza in ina ba da labarinsu sai ka rantse ni na sassaƙa su.

Mutum ɗaya ne bai taɓa guduna ba, abokina mai kwana a gadon ƙasa. Ɗan Zangon Kumasi ne, gadi yake yi a wani bene a unguwar Bin Mahmud. Hausarsa irin tasu ce, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa “shi” ne. Yakan ce in bar tuƙi in koma dillancin gidaje, bakina ya fi hannuna iya aiki. Amma in ya gama tsokanar, tambayarsa ɗaya ce kullum: “Mma naka, yaushe zai shiga gidan?”

Don ya san ba don kaina na gina ba. Matata da yara suna Kano a gidan iyayenta saboda makaranta. Mahaifiyata na gina wa. Ɗakin da take ciki soron ƙasa ne, mahaifina ya gina shi tun ba a haife ni ba, shi kuma ya daɗe da rasuwa. Gara ta ci azarar, bangon gabas ya tsage, kowace damina sai an jera kwanoni a tsakar ɗaki ana tarar yoyo. Ƙanwata, wadda ke aure a nan cikin garin, ita ke kula da ita. Duk lokacin da na ji an ce hadari ya haɗo a gida, ni da ke ƙasar da ruwan sama ke zama labari, sai abinci ya fita raina.

Matsalar ita ce ni ɗan farinta ne. 'Yan birni da ke karanta wannan wataƙila ba za su gane nauyin maganar ba. A wajenmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata, a can na girma. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ina yaro “wancan” nake, da na zo Katar sai na samu ƙarin girma na zama “mutumin can”. Akwai matan da ke sassautawa in ɗa ya girma ya yi iyali. Inna ba ta cikinsu, ita har ta tsufa ba ta rage komai ba.

Ko waya muke yi, sai ƙanwata ta zauna a tsakani. Za ta saki muryar wayar kowa na ji, in ce, Inna ina wuni. Ta ce lafiya. Shi ke nan nawa ya ƙare. Daga nan sai in ji ta ce wa ƙanwata ta tambaye ni ko ina samun abinci mai kyau. In ce ina samu. Ƙanwata ta maimaita mata, ya ce yana samu, alhali da kunnenta ta ji. Mutanen ɗakinmu har dariya suke yi, wai ni kaɗai ne ke magana da uwata da tafinta, kuma dukkanmu Hausa muke yi.

An gama fenti ana shiga shekarar korona. Na nemi ijaza, wato hutun shekara, aka ba ni, na sayi tsaraba na cika jaka. Ana sauran 'yan kwanaki in tashi aka rufe filayen jirgi. Ba sai na ba ku labarin wannan lokaci ba, kowa ya ga nasa. Mu dai muna ɗaki kamar kaji a akurki, ba mai fita sai manhajar korona da ke wayarsa ta nuna kore. Ɗaya daga cikinmu tasa ta nuna ja, aka zo da mota aka ɗauke shi, muka yi makonni muna kallon gadonsa ba mai iya taɓawa. Jakar tsarabar nan tana ƙarƙashin gado, dabinon da ke ciki mu muka cinye shi da azumi.

Da na ga tafiya ba rana, sai na ce ƙanwata ta karɓi makulli wurin kawuna a kai Inna gidan kafin ruwa ya sauka. Amsar da ta dawo, a gabana aka ba da ita, ta bakin tafinta kamar kullum.

“Ki gaya masa ba a riga mai gida kwana a gidansa. In ya zo ya buɗe abinsa, aka yi sauka, sai a ga abin da Allah zai yi.”

Na kira kawuna, ƙanenta, na tambaye shi ko da gaske akwai wannan al'ada. Ya yi dariya ya ce akwai masu yi, amma ba farilla ba ce, ba ma sunna ba. Ya ce kunyata take ji, ta kwana a ƙarƙashin rufin ɗan fari abu ne mai nauyi a wurinta, kawai ta samu ƙusar da za ta rataya maganar ne. Ya ce in bi ta a hankali, kuma in na zo da kaina ba za ta iya musa mini ido da ido ba.

Abin da ban zata ba, makullin gida ta ƙi, amma na ƙofar lambu ta karɓa. Ƙanwata ta ce Inna da kanta ta aika a karɓo, wai fili ba ya zama haka nan, macizai za su tare. Kullum in ta idar da sallar asuba gari ya yi haske, sai ta ɗauki fartanya ta zagaya ta bayan gari ta shiga ta ƙaramar ƙofar. Ta shuka zogale a jikin katanga, ta yi kunyoyin yakuwa da kuɓewa da rama. Ta sa aka samo mata dashen gwaiba da lemun tsami da mangwaro, ta kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, ko da yake ba ta inda akuya za ta shiga. Barkono kuwa ta ware masa wuri na musamman kusa da rijiya. Kafin damina ta yi nisa, filin da na bari fayau ya rufe da kore.

Amma ko barandar gidan ba ta taɓa takawa ba. In rana ta yi zafi, gindin katanga take zama, ga inuwar baranda tana kallonta. Butarta ma daga gida take zuwa da ita. In ta tsinko kuɓewa ko ta yanko zogale, sai ta raba wa maƙwabta ta ce na mutumin can ne, a yi masa addu'a. Ƙanwata takan ɗauko mini bidiyo a ɓoye, daga nesa, Inna ta duƙa tana cire ciyawa. In ta lura sai ta juya baya ta ja mayafi. Ina da bidiyoyin bayan mahaifiyata sun fi a ƙirga, na fuskarta kuwa ko ɗaya. A ɗakin nan na Muntaza su nake kallo in na dawo aiki, ina jin daɗi ina jin haushi a lokaci guda.

Shekara ta zagayo aka fara buɗe hanya, amma da sharuɗɗa. Fita ba wuya, dawowar ce aiki. Wani direba ɗan'uwanmu ya tafi ganin gida, takardar shigowarsa ta maƙale, kafin ta fito an ba wani motarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Na zauna. Daminar ta zo, tsagar bangon ta ƙara buɗewa har hannu na shiga. Kawuna ya sa aka yi yaɓe, aka shimfiɗa leda a kan soron aka danne da duwatsu. Na tura shi ya yi mata magana, na tura liman, na tura wata tsohuwa ƙawarta. Kowa ta saurare shi da ladabi ta ce to. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san irin wannan to ɗin, ba ta kai ko'ina.

Abokina ne ya kawo shawarar da na bi. Ya ce su a Zango ba a wannan dogon zance da tsoho, kayansa ake kwashewa a kai inda ake so, in ya dawo ya tarar da aikin gama ya gama. Na ga kamar dabara ce. Muka shirya da ƙanwata, ranar da Inna ta tafi suna wani ƙauye, aka kwashe gadonta da akwatinta da kwanukanta aka jera a ɗakin da na ware mata. Da ta dawo ta tarar da soronta wayam, ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya a ƙofar lambu ta sa aka riƙa miƙo mata kayan, wanda za ta iya ɗauka ta ɗora a ka ta mayar da kanta, ta hana kowa taya ta. Gadon ne kawai ta bari maza suka ɗauka. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar ƙanwata ba, ni kuma saƙo ɗaya ta aiko mini.

“Ki gaya masa ban mutu ba tukuna da za a kwashe mini kaya.”

A wajenmu sai mutum ya rasu ake fitar da kayan ɗakinsa, kuma ni da aka haifa a garin ban tuna da haka ba sai da ta faɗa. Abokina ya fi ni jin kunya. Ya ce, “Wallahi Mma naka ya fi ƙarfinmu.” Daga ranar bai sake ba ni shawara a kanta ba.

Sai ga shekarar ƙwallo. Tun farkonta na sake neman ijaza, aka ce in jira, aka sake cewa in jira, daga ƙarshe mudir, wato shugaban sashenmu, ya tara mu ya ce ba mai motsawa sai an gama gasar cin kofin duniya. An ba kamfaninmu aikin jigilar 'yan kallo, kowane direba ana bukatarsa. Aka shiga koya mana sababbin hanyoyi, muna zagaya gari da bas ba kowa a ciki, cikin zafin da ke narka kwalta. A gida kuma aka yi daminar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Dam ya cika ya tumbatsa, gonaki suka nutse, kullum sai ka ji gini ya faɗi a wani ƙauye.

A lokacin ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Muna waya, ƙanwata na tsakani, na ce a gaya mata ko kwana uku ne ta koma sabon gidan har ruwan ya tsagaita. Inna ta fara cewa ki gaya masa, sai na katse ta. Na ce, “Inna, da ke nake magana, ba da ita ba. Ɗakin nan zai faɗi.” Can sai na ji ƙarar takalminta tana nisa. Ƙanwata ta ce da ni a hankali, Yaya, ta tashi.

Bayan kamar mako biyu, ina garin Wakra kusa da Doha da rana tsaka, na ajiye bas ina cin abinci a inuwarta, ƙanwata ta kira. Muryarta kawai na ji na ajiye cokali. Ta ce an kwana ana ruwa, da safe ya ɗauke, Inna ta fito tsakar gida, sai ta koma ɗaki ɗauko buta. Shigarta ke da wuya soron ya rufta. Maƙwabta suka tono ta da rai, amma azara ta danne mata ƙugu da baya. Ana ta neman motar da za ta kai ta babban asibiti a birni, don ruwa ya cinye wani yanki na hanyar. Na tambaye ta jikin, ta ce da sauƙi. Na san irin wannan sauƙin.

Ranar na je wurin mudir. Ba mugun mutum ba ne, shi ma ya daɗe bai ga 'ya'yansa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni da Larabcin nan namu na 'yan aiki ko ta rasu ne. Na ce a'a, tana raye. Ya buɗe hannuwa ya ce ijazar gaggawa ta rasuwa ce, haka dokar kamfani ta ce a wannan lokaci. In na matsa sai na tafi, ƙofa a buɗe take, amma ta fita ce kawai. Ya ce khalas, wato shi ke nan, in yi haƙuri, saura kaɗan. Na fito ina jin kamar in kama wani da duka, na rasa wa zan kama.

Na yi niyyar ajiye aikin. Kawuna ya ce in na ajiye, wa zai riƙe jinyar, wa zai riƙe yarana. Inna ma da aka gaya mata, daga gadon asibiti ta aiko da nata: a ce ya zauna kan aikinsa, ƙugu ne ba rai ba. Na zauna. Ba zan ce muku na yi daidai ko ban yi ba, ni ma ban sani ba har yau.

Ta yi makonni a asibiti, likitoci suka ce sun yi iyakar nasu, shekaru sun ja, a koma gida a ci gaba da jinya. Ƙanwata ta kira ta ce sun dawo. Na ce wane gidan, tunda soro ya zama tudun ƙasa. Ta ce naka. Allah ya sani, sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni, nan take kuma na ji kunyar kaina. Abin da na yi shekaru ina roƙo ya tabbata, amma a kan katifa aka shigar da ita, mutum huɗu na riƙe da gefe. Ƙanwata ta roƙe ni in mun gaisa kada in yi mata zancen gidan ko kaɗan. Na ce to, ban tambayi dalili ba, na ɗauka kunyar ce dai.

Aka fara ƙwallo. Doha ta cika ta batse, kowace kusurwa kiɗa da tutoci. Dokar aiki ita ce waya a kashe take in kana tuƙi. Wata rana da hantsi na kwaso 'yan kallo zuwa filin wasan Wakra, sun shafe fuska da fenti, suna buga ganga suna tsalle har bas na rawa. Na sauke su, na kai mota inda ake ajiyewa, na kunna waya. Kiran kawuna ne jere, da na ƙanwata, da na lambobin da ban sani ba. Na kira kawu. Ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya ce, “Sai dai mu yi haƙuri. Dawowarmu ke nan daga kai ta.”

Da asuba ta cika. Ina can ina duba tayoyi ana yi mata wanka, ina kan hanya da masu ganga ana binne ta. Na zauna a kujerar direba har aka tashi wasa, don ba wanda zai karɓe ni. Bayan la'asar mutanen nan suka dawo, ƙasarsu ta ci, suka shigo da waƙa, wani ya rungume ni ya ɗora mini hularsa. Na mayar da su masaukinsu lafiya. Ana bikin duniya ake na ƙiyama, na sha jin karin maganar nan, ranar na ja ta a mota.

Washegari mudir ya yi mini ta'aziyya, ya ce yanzu ina iya tafiya na 'yan kwanaki. Wato na cika sharaɗi. Jirage a cike suke, kwanakin kuma a hanya za su ƙare, wadda zan je dominta tana ƙarƙashin ƙasa. Na ce ya bari sai an gama. Abokina ne ya tara mini mutane, 'yan Zango da 'yan Najeriya, direbobi da masu gadi, suka cika ɗakinmu har bakin matakala aka yi mata addu'a. Shi ya dafa abincin, shi ya karɓi gaisuwa a madadina.

Sai bayan an gama gasar an watse na samu tafiya. Mota ta sauke ni a bakin kwalta ranar Laraba, kasuwa na ci, ga masu kifi daga dam, ga wata motar 'yan makaranta ta nufi duwatsu. Komai yana nan yadda na riƙa ba da labari, ni ne dai ban ji komai ba. Na fara zuwa maƙabarta, sannan na wuce gidan. Ƙanwata ta buɗe mini ɗakin da Inna ta yi jinya. An jawo gadon jikin tagar da ke kallon lambu. Muka zauna a ƙasa, sai ta ce akwai abin da ba ta gaya mini a waya ba.

Ta ce ranar da suka dawo da Inna daga birni, allura ta sa ta barci, ba ta san inda aka shigar da ita ba. Ita da kawu suka ji tsoron in ta gane, ko da jan ciki ne sai ta fita. Da ta farka ta dubi silin, ta dubi fanka, ta dubi farin bango, ta tambaya ina ne nan. Ƙanwata ta ce bakinta ne kawai ya suɓuce, ta ce asibitin garinmu ne, sabon ɗaki suka gina. Inna ta ce to. Daga nan duk mai zuwa dubiya sai an tare shi a ƙofa an ja masa kunne. Malamin asibiti kuma yana zuwa kullum wanke ciwo, sai ƙaryar ta samu ƙafar tsayawa.

Na ce, kuma ta yarda? Ƙanwata ta yi wata dariya da hawaye a ciki. Ta ce kwana biyu da zuwansu Inna ta sa a ɗage labule, ta daɗe tana kallon waje, sannan ta ce masu asibitin nan ba su iya ban-ruwa ba, barkonon can na kusa da rijiya zai mutu, a gaya musu da yamma ake ba shi. Tun daga ranar, daga kan gado take ba masu asibiti umarni, a sassabe nan, a tsinke gwaibar can kafin tsuntsaye su gama da ita. Ba ta taɓa cewa ta gane ba, su ma ba su taɓa cewa sun san ta gane ba.

Ta ce kuma duk in ta idar da salla, a kwance, da ishara, sai ta ɗaga murya yadda na falo ma zai ji, ita da ba a san ta da ɗaga murya ba, ta ce:

“Allah ya yi wa wanda ya gina asibitin nan albarka. Allah ya raba shi da wahala. Allah ya dawo da shi gida lafiya.”

Ƙanwata ta dube ni ta ce, “Yaya, wane mai gina asibiti ne ake roƙa wa dawowa gida?”

Ban yi kuka a Wakra ba, ban yi a maƙabarta ba. A nan na yi, a gaban ƙanwata, ban ji kunyar kowa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na huce da al'adar nan ba. Har gobe ina ganin da ba don ita ba, da safiyar nan Inna tana ɗaki mai rufin kwano, kuma duk mai tsohuwa a soron ƙasa ina roƙonsa kada ya gaji da naci kamar yadda wani lokaci na gaji. Amma na daina cewa kunyar ta hana ta so na. Ita dai ba ta da hanyar da za ta miƙo mini abu kai tsaye, sai ta zagaya, kuma da ta samu inda za ta zagaya ba ta rage komai ba.

Yanzu matata da yara ne a gidan, ƙanwata ke riƙe da lambun. Ni kuwa ina nan Muntaza, ina jan bas, gado kan gado kamar da. Mutane kan tambaye ni yaushe zan tattara in koma gaba ɗaya, in ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin. Abin da na sani shi ne, da can ina yawan tsoron kada ajali ya riske ni a ƙasar mutane a binne ni inda ba mai ziyara. Yanzu tsoron ya ragu. An riga an roƙa mini komawa gida, sau biyar a rana, kuma na san bakin da ya roƙa.